Fistan Sitanda

Lokacin da kuɗin fetur ya cika gari, soja na mulki, kowa na sayen sabuwar mota, ni tsohuwar motata nake lallaɓawa. Da ita nake haya daga Unguwar Rogo zuwa kasuwa, ita ke ci da gidana. Da injinta ya gaji aka fafe ramukan fistan suka ƙara faɗi, bakanike ya aike ni Sabon Gari in sayo fistan da kwanrod, sandar da ke riƙe shi.

Mai shagon ya ce, "Malam, sitanda kaka so?"

A 'yar makarantar da na yi, sitanda abu ne mai kyau. Na ce i, tunda an fafe injin a ba ni mai kyau. Ya miƙo, ya karɓi kuɗinsa. Ashe sitanda awo ne, na injin da ba a taɓa fafewa ba. Bakaniken ma ya ga suna lilo a rami, ya ɗaura abinsa, yana saurin komawa kan motar wani ɗan kwangila.

Motata ta dinga hayaƙi tana shan baƙin mai har injin ya buga. Da na koma shagon ya ce, "Kai kac ce sitanda." Shi fa ya fara faɗar kalmar! Tun ranar motar mutane nake tuƙawa.