Faɗan Baba Haruna a Gaban Mudir

Har yau ban manta da Talatar da Ustaz Anwar ya kira ni ofishinsa ya ce zai rufe sashen Hausa ba. Cikin watan Safar ne, alhazai sun watse, aiki ya lafa, lokacin da kamfanoni ke duba abin da za su rage.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san shi ba sai a hoto. Mutumin kudancin Indiya ne. Ya fara da ɗauko rahoton kotu a wata ƙaramar jaridar garinsu, har ya zama edita. Da ya ga jama'a sun koma waya sai ya bi su can, ya gina shafin jaridar a intanet. Daga nan kamfaninmu na labarai ya ɗauko shi ya zama mudir, wato shugaban duk sassan harsuna a nan Madina. Ba shi da hayaniya, amma ba a yi masa kwana-kwana.

Ga yadda aikin yake. Duk labarin da muka saka, na'ura tana nuna yawan waɗanda suka buɗe shi, da wannan ake auna kowane sashe. Ranar ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Urdu na sama, Indonisiyanci na biye, Hausa tana can ƙasa kamar ba a fara ba.

"Malam Sani, ba ni da abin da zan gaya wa masu kamfani," in ji shi.

Mu uku ne a sashen, kuma iƙamarmu, takardar zaman ƙasa, a ƙarƙashin kamfanin take. Rufe sashen yana nufin in koma gida unguwar Al-Khalidiyya in ce wa maiɗakina ta fara ɗaure kaya, yara su bar makaranta a tsakiyar shekara. Amma na san mutanena. Na ce masa na'urarsa idanu take ƙirgawa, su kuwa da kunne suke karatu. Yawancin Hausawan Madina daga Sudan da Chadi suke, da Larabci suka yi makaranta, boko bai shige su ba. Ɗalibi ɗaya ɗan Najeriya zai buɗe labarin, ya karanta shi da murya a waya, ya tura, kafin magariba ya zaga gidaje.

Ya ce, "Duk editan da na taɓa rufe wa sashe sai ya ce yana da masu karatu a ɓoye."

Na ce, "Nawa ba a ɓoye suke ba, suna unguwar Ƙuba. Ka ba ni la'asar ɗaya."

Ya yarda, da sharaɗi biyu: kada in sanar da kowa zuwanmu, kuma in fassara masa duk abin da aka faɗa ba ragi.

Na kai shi majalisar da ake yi a gaban shagon Baba Haruna, wani dattijo ɗan Sudan mai gasa agashe, naman tsinke irin nasu. Aka shimfiɗa mana, aka kawo shayi. Da suka ji mudir ne sai yabo ya ɓarke. Masha Allah, aikinku mumtaz, Allah ya ƙara ɗaukaka. Ina fassarawa ina jin daɗi, sai ya matso ya ce mini a hankali, "A garinmu ma haka ake yi wa baƙo."

Can sai Baba Haruna ya baro wajen wuta da mafici a hannu, ya tsaya a kaina.

"Wai kai ne Sani mai rubutu?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ka ce agashe tsire ne, suna kawai ya canja? Kai ka ce mai son na ƙwarai ya tafi titin Sultana? Ya walad, kai yaro, ina gasa nama a Ƙuba tun ba a yaye ka ba! Na Sultanar nan a hannuna suka koya. Wallahi aib ne!"

Labarin da na rubuta ne a makon da ya gabata, kuma jimlolina ya maimaito kamar ya haddace su. Ustaz Anwar ya dube ni. "Me yake cewa?"

Da a ce na ce masa gaisuwa ce irin ta tsofaffi, da ba mai tona ni. Amma na yi alkawari, kuma ban ga abin kunya a labarina ba. Na fassara masa tas. Baba Haruna ya ƙara da cewa ban san nama ba, kuma wanda ya ɗauke ni aiki ma bai san aiki ba. Na juya na gaya wa wanda ya ɗauke ni aiki hakan, kalma da kalma.

Kafin ka ce me, majalisa ta dare gida biyu. Abakar direba ɗan Chadi ya ce gaskiyata, wani tela ya ce ƙarya ne, wani kuma ya tono labarin motocin haya da na yi tun kafin aikin hajji, ya ce shi ma da gyara. Waɗanda ɗazu suke sa mini albarka yanzu suna nuna ni da yatsa. Mudir ya tambayi Baba Haruna da Larabcinsa mai kauri ko shi ya karanta labarin da kansa.

"La, ina ni ina rubutun Nasara?" Ya zaro waya daga aljihu. "Jawwal ɗin nan ya karanta mini. Halas, ku saurara ku ji ɓarnar da ya yi!"

Ya kunna, sai ga muryar wani yaron Kano da ban taɓa gani ba tana karanta rubutuna.

Muka juyo a mota har muka shiga cunkoson Sultana. Sannan ya ce lokacin da yake ƙaramin ɗan jarida, jarida ɗaya ake saya a teburin mai shayi, mutum ɗaya ya karanta wa kowa. Bai tabbatar ana jin sa ba sai ranar da wani ya zo har ofis ya ci kwalarsa. "Na daɗe ina kallon na'ura," in ji shi. "Na yi kewar mutum mai fushi."

Sashe ya tsira. Ya ba da umarni daga Lahadi kowane labari mu karanta shi da muryarmu mu saka tare da rubutun, don na'ura ta ƙirga kunnuwa ma. Aikin farko da ya ba ni shi ne in koma Ƙuba in naɗo muryar Baba Haruna ya faɗi nasa, kada in yanke ko tari.

To, ku da kuke ajiye waya da sauri in mai sauraro ya kira da faɗa, ku daina. Mai yabo wataƙila kunyarku yake ji. Mai faɗa ya saurare ku har ƙarshe, kuma ya ɗauke ku da muhimmanci. Baba Haruna har gobe bai yarda na san nama ba, ni ma ina nan a kan bakana cewa agashe tsire ne. Amma yarana sun gama makarantarsu a Madina, kuma na san bakin da ya yi mini wannan aikin.