Ciyawar Matrona

Duk wanda ya taso a garinmu na bakin kogin Kuskokwim ya san Zakar Ayapan da abu biyu: ragar kifinsa da ba ta fitowa hannu rabbana daga ƙarƙashin ƙanƙara, da kuma ɗingishinsa. Ɗingishin tun yana saurayi ya samo shi, shekarar da sanyi ya cinye masa yatsun ƙafar hagu. Ya yi zamanin da karnuka ke jan mutane da kaya a kan ƙanƙara, ya ga zuwan mashin ɗin ƙanƙara, ya zage shi son ransa, sannan ya saya. Mutum ne mai taurin kan tsiya, kuma ba na jin ya taɓa cewa "taimake ni" da bakinsa.

Ƙafar dama ita ce jarinsa, kuma matarsa Matrona ce mai tsaronta. Kowace kaka takan yanko doguwar ciyawar bakin ruwa, ta shanya, ta kitse ta, ta rataye a rumfar kifi. Kowace safiya ta warware kitso ɗaya, ta murza shi ya yi laushi, ta shimfiɗa masa a cikin takalmin fata. Ciyawar tana shanye gumi, tana riƙe ɗumi, da yamma a zare ta a shanya. Da ciwon suga ya kama shi ƙafafun suka fara rasa ji, sai ta ƙara da duba su kullum, yatsa bayan yatsa. Malamar asibitin garinmu ba ta ɓoye masa ba: idan sanyi ya ciji ta dama, ba yatsu za a cire ba, daga gwiwa za a yanke. Kuma kowa ya san inda mai ƙafa ɗaya yake ƙarewa. 'Yarsa za ta kwashe shi zuwa birni, ta ajiye shi a bakin taga yana kallon motoci.

Matrona ta rasu a farkon hunturun bara, bayan ta gama kitson ciyawar shekara. Zakar ya yi ta amfani da ita har ya rage kitso ɗaya. Ran nan ya ɗauko shi zai warware, ya ga ƙullin hannunta a ƙarshensa, sai ya kasa. Ya cusa shi cikin rigar sanyinsa, a kan ƙirji. Matan maƙwabta sun yi masa tayin tasu, ya ce yana da ita jibge. Abin da yake yi a ɓoye shi ne ya sa safa, ya zura ledar burodi a kai, ya cusa a takalmi. Ya fi kowa sanin cewa leda ba ta shan gumi, tara shi take yi.

Wata safiya bayan dusar ƙanƙara ta kwana biyu tana zuba, ya fita duba raga tare da taubashinsa Ilarion, kowa a kan mashin ɗinsa. Su biyun nan tun suna yara ba su taɓa yi wa juna maganar arziki ba.

"Bawana, wuce gaba ka share mini hanya," in ji Ilarion. "Idan kogi yana jin yunwa gara ya fara da tsohon nama."

"Kai ko an jefa ka zai tofo ka. Wa zai haɗiyi wannan tumbin?"

Dusar ta kai ƙugu a wasu wuraren, fara fat, lumui, ba sawun kowa. Irin wannan ranar ce muke tsoro. Nauyin dusa yakan danne ƙanƙarar kogi, ruwa ya tsattsafo ta tsaga ya kwanta a kanta, dusa ta lulluɓe shi ta hana shi daskarewa. Ruwan ɓoye muke ce masa, domin ido ba ya ganinsa.

Sun yi nisa da gari sosai, sun kusa kwanar da ragar take, Zakar ya ji ƙarar injin ta canza. Bayan mashin ɗin ya yi nauyi. Ya waiga ya ga sawunsa ya koma toka-toka. Ya gane ruwan ɓoye ne. Ya matse mai iya ƙarfinsa ko zai tsallake, bel ɗin ƙasa da ke tura mashin ɗin ya yi ta watsa caɓi, mashin ɗin ya daɗa nutsewa, ya tsaya cak.

"Kar ka sauka!" Ilarion ya ƙwala masa kira daga can baya inda ya tsaya a kan tauri. "Zauna nan, bari in jefo igiya!"

Amma Zakar ya san in bel ɗin ya daskare a cikin caɓin nan, mashin ɗin ya zama na kogi sai bazara. Ya sauka. Ya dafe bayan mashin ɗin ya ɗaga, ya tura, Ilarion yana ja da igiya yana zaginsa. A turawa ta ƙarshe ƙafar dama ta zurma har ƙasan gwiwa. Ya ji wani sanyi ya sulala ta bakin takalmin, ya gangara, ya taru a cikin ledar.

Da suka fito kan tauri ya yi abin da kowa ke yi: ya cusa ƙafar cikin busasshiyar dusa ya murza, ta tsotse ruwan waje. Na ciki kuwa yana nan.

"Ya shiga?" Ilarion ya tambaya.

"Bai shiga ba."

"Cire mu gani."

"Kai matata ce? Hau mu tafi, kifi na jira."

Ba komai ya hana shi cirewa ba sai kunya. Idan ya cire, Ilarion zai ga leda, zai tambayi ina ciyawa, kuma shi ba shi da bakin ba da wannan amsar. Ya ce a ransa za su duba raga da sauri su juya. Iska ta taso tana yankar fuska. Da farko yana jin ƙafar tana zugi can nesa-nesa, yana murna da zugin. Suna cikin fasa ramin raga ya lura zugin ya tafi. Ya motsa babban yatsa. Bai san ko ya motsu ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun yana saurayi, amma ya ci gaba da jan raga.

Ilarion ne ya tsaya da aiki. Ya ji takalmin hagu yana taka ƙanƙara shiru, na dama kuwa yana ƙwas-ƙwas kamar an buga itace. Bai yi wasa ba wannan karon. Ya ture Zakar ya zaunar da shi a kan mashin, ya juya masa baya ga iska, ya yanke igiyar takalmin da wuƙa. Da ƙyar ya zare shi. Ledar ta fito da ƙanƙara a cikinta, safar ta sandare. Ƙafar ta yi fari kamar kitse tun daga yatsu har tsakiyar tafin.

Ilarion ya dubi ledar, ya dubi Zakar.

"Ledar burodi? Kai, Zakar? Mijin Matrona?"

Zakar ya kau da kai.

Ilarion ya danna fatar ƙafar da yatsa. Saman ya yi tauri, amma ƙasan yana ɗan lotsawa. Ya durƙusa, ya ɗage rigunansa duka, ya kama ƙafar ya manna ta a tsirarar cikinsa, ya ja riga ya rufe. Sanyin ya sa shi yin ƙara.

"Wayyo! Tumbin da kake zagi ke nan, maye. Yau ga shi ya zama murhunka."

Suka zauna a haka, iska tana kwasar dusa tana watsa musu. Kifin da suka ciro ya daskare a gefensu. Leɓen Ilarion ya fara rawa.

"Kana jin wani abu?"

"Babu."

Can an jima ya sake tambaya.

"Babu."

Zakar ya rufe ido, ba abin da yake gani sai tagar birni. Har ya fara lissafin wanda zai bar wa ragar, sai ya ji kamar an soka masa allura a dunduniya. Sai wata. Sai ƙafar gaba ɗaya ta kama da wuta. Ya yi ihun da bai yi ba ko ranar da aka binne matarsa.

"Yawwa! Ƙara, bawana, ƙara!" Ilarion yana dariya, hawaye na daskarewa a kumatunsa. "Ban taɓa jin waƙa mai daɗin wannan ba!"

Amma murnar ba ta daɗe ba, domin dukansu sun san sauran. Ƙafar da ta narke, in ta sake daskarewa a hanya, ta tafi ke nan. Ilarion ya ba shi busasshiyar safar da yake ajiyewa a aljihu, ya ƙwanƙwashe ƙanƙarar cikin takalmin, ya shafa ciki da hannu. Fatar takalmin a jiƙe take, kuma gari da nisa.

"Safa kaɗai ba za ta kai mu ba," ya ce. Ya waiga hagu da dama, ba komai sai fari. "Da a ce akwai ciyawa ko tafi ɗaya."

Zakar ya zura hannu cikin rigarsa ya zaro kitson. Yana da ɗumin jikinsa. Ilarion ya ga ƙullin, ya gane hannun, domin tare suka taso da Matrona. Karon farko a rayuwarsa ya rasa abin tsokana.

"Shi ke nan ya rage," in ji Zakar. "In na taka shi ya ƙare."

"To don wa ta yanko shi? Don ƙirjinka?"

Zakar ya kama ƙullin. Yatsunsa sun yi sanyi, ya kasa kwancewa, sai ya sa haƙori. Kitson ya warware a cinyarsa, ƙamshin rumfar kifi da na kaka ya taso. Ya murza ciyawar yadda ya sha ganin tana yi, ya naɗe ta daidai tsawon tafinsa, ya shimfiɗa a takalmin, ya lulluɓe yatsun da sauran. Kuka yake yi, bai kuma ɓoye ba.

Suka juya gida ta gefen gaɓa, Ilarion a gaba. Duk ramin da mashin ya faɗa sai ƙafar ta amsa da zafi, Zakar kuwa yana ta addu'a kada zafin ya daina.

Malamar asibiti ta yi masa faɗa kamar za ta ari baki. Ƙafar ta yi bororo, fata ta saɓule, farcen babban yatsa ya fita, amma ba a yanke komai ba. Ciyawar da aka zaro daga takalmin ta farfashe ta zama ɓurɓushi, ba ta sake shimfiɗuwa.

Da kaka ta zagayo, mutane suka ga wani abin da ba a saba gani ba a bakin ruwa: tsoho ɗaya a tsakiyar mata, yana ɗingishi da wuƙa a hannu, yana yankar ciyawa. Kitsonsa karkatacce ne, matan suna ta yi masa dariya. Ya miƙa wa ta kusa da shi ƙarshen kitson.

"Nuna mini yadda Matrona take ƙullawa," ya ce.