Fatawar Da Na Bayar Kan Ƙanƙarar Da Ban Taɓa Gani Ba

Godiya ta tabbata ga Allah mai saukar da ruwa a siffar da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Shekara bakwai ke nan da dusar ƙanƙara ta zaftaro daga kan dutse ta binne Abdulƙadir, ɗan ƙanena, a wata ƙasa mai sanyi can bayan Turkiyya. Haifaffen Makka ne, a unguwar Mansur ya tashi. Lokacin Hajji yakan yi wa alhazai jagora a Mina, idan sanyi ya shigo kuma ya kai samarin unguwar Zahir yawon duwatsu.

Ana gobe abin zai faru ya kira ni bayan La'asar.

"Ya Baffa, mas'ala gare ni. Ruwanmu ya daskare. Ya halatta in yi taimama a kan dusar nan?"

Na gyara zama, na shiga jero masa maganganun malamai, da waɗanda suka halatta da waɗanda suka ce a narka ta tukuna. Ya yi dariya ya ce, "Halas, ya isa haka, ya Baffa! Kafin ka gama saɓanin malamai ai Magariba ta wuce ni."

Daga nan ya sassauta murya. Ya ce ɗan garin da ke nuna musu hanya ya hana su hawa. Sabuwar dusa ta kwana biyu tana zuba a kan tsohuwa wadda ta riga ta daskare ta yi santsi, iska kuma ta tara ta a gefe ɗaya na gangaren. Da safe ma sun ji wani gurnani a ƙarƙashin ƙafafunsu. Mutumin ya ce a jira kwana uku ta zauna. Samarin kuwa jibi jirginsu zai tashi, sun dage.

"Kai me ka gani, ya Baffa?"

Ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake farfasawa da guduma ana sanyaya wa alhazai ruwa, abu mai taurin dutse. Da ita na auna. Na ce masa, "Abin da ya daskare ina za shi? Yi addu'ar tafiya, ka dogara ga Allah."

Abdulƙadir fa mutum ne da yakan tsaya a bakin tanti a Mina ya dubi yadda jama'a ke kwarara wajen jifa, ya ce wa tsofaffinsa a dakata, ko da za su zage shi. Allah Ya ba shi baiwar jira. Ni na karɓe ta daga hannunsa. Washegari da hantsi yana gaba yana buɗe hanya, gangaren ya tsage ya sauko. Samarin da ke baya sun tsira.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, na kuwa karantar da hakan. Amma ƙaddara ba ta wanke wanda ya yi magana ba da sani ba. A yau samarinmu kan nuna mini a waya yadda ƙasashen nan ke sanar da haɗarin kowace rana, launi-launi. Da yana raye, na tabbata zai ce musu su bi wannan, su bi ɗan gari, su bar wa Baffa babin tsarki.

Shekara da shekaru ina gaya wa matarsa Rabi'atu cewa zancen taimama ne hirarmu ta ƙarshe. Bana na je Zahir na faɗa mata sauran. Ta ce, "Baffa, da ka ce masa ba ka sani ba, wallahi da ya jira. Na yafe, amma ka rubuta, wani ya ji."

Ga shi na rubuta. Abin da ya rage mana na Abdulƙadir shi ne alhazan da ya mayar gida lafiya, da "ban sani ba" da bakina ya koya a tsufa. Idan aka kawo gawa Harami, muka zo inda ake roƙon Allah Ya wanke mamaci da ruwa da ƙanƙara, harshena yakan yi nauyi. Nakan daure in ƙarasa.

Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta mini. Kai kuma mai karatu, Allah Ya tsare ka da iyalinka, Ya dawo da matafiyanku gida lafiya.