Ranar da Kawu Ya Tsoma Na'urar Shara a Baho

Ranar wata Asabar, mako biyu da dawowar Baba daga aikin Hajji, ina 'yar shekara tara, na'urar sharar da ya yo tsaraba ta fara fito. Irin mai caji ce, doguwa kamar taɓarya, tana zuƙe ƙasar da ke kan kafet ɗin falonsa. Kafin zuwanta ni ke share kafet ɗin nan da tsintsiya, in duƙa har bayana ya ƙage, don haka duk gidanmu na Mafara ba wanda ya kai ni ƙaunarta. Baba ya kunna ta gaban baƙin da suka zo yi masa barka daga Bakura, sai ta saki wani "fiii" mai huda kunne, awaki suka watse, ƙasa kuwa ko ƙwaya ba ta ɗauka ba.

Ni dai na san dalili. Da safe, wajen zubar da dattin cikinta, na ga wani baƙin zoben roba a bakin murfin, ya yi mini kyau, na zura shi na yi awarwaro. Na ja mayafi na rufe hannu.

Aka kira Kawu Sahabi, ƙanen Inna, mai gyaran injin ban-ruwa a Maradun, wanda ya kwana gidanmu. Ya kara kunne, ya shafa yawu a mahaɗar bututun, ya naɗe ta da robar keke, fito bai daina ba. Sai ya ce iska ce ke zurarewa, kuma duk mai faci ya san a ruwa ake gano huda. Ya sa aka cika baho. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na tuna dorinar Baba, na rufe. Wallahi har yau ina jin haushin kaina. Kawu ya yi bisimilla ya tsoma na'urar cikin ruwan tana kunne, yana jiran kumfa. Ta yi tari biyu, ta mutu.

"To, Alhaji, ai ta bar fiton," in ji shi.

Wajen ɗauke bahon mayafina ya zame, Inna ta ga zoben, asirina ya tonu. Baba bai dake ni ba, tsintsiya kawai ya miƙo mini, ban rabu da ita ba sai da na tafi makarantar kwana.

Yau ina da irin na'urar a gidana. In ta yi fito, zoben nake fara dubawa, minti guda na gama, ba baƙo, ba dariya. Kawu ya tsufa, hanyar Maradun kuma ba ta biyuwa kamar dā. Da zai zo, da na cika masa baho da hannuna.