Tsagar bangon Haboba

Ina tsaye da buhun siminti a ƙofar ɗakin kakata, ita kuma ta tare hanya da sandarta.

Hutu na je ƙauyenmu kusa da Sinnar, na tarar bangon lakarta ya tsage, daidai kan gadonta. Shekara uku ina karatun zanen gine-gine a Madani, ai ba zan bari bango ya danne tsohuwa ba.

Na ce, "Haboba, in ba a cike ba, zai rushe."

Ta ce, "Sannu Muhandisa. Baƙar ƙasar nan da rani take buɗewa, da damina ta haɗe. In kin cusa mata dutse, ina za ta kai shi? Sai ta fasa wani wurin."

Da ƙyar ta yarda na janye gadon.

Bayan ruwa na uku aka turo mini hoto. Tsagar ta rufe, gadon ya koma wurinsa. Mu kuwa wata guda muka yi a aji muna lissafin ƙasa mai kumbura.

Masu ɗakunan laka, naku ma haka suke yi, ko Haboba ce ke da sa'a?