Kawu da Tabaraunsa

Jiya maigidana ya ce zai cire 'yarmu Hadiza daga makaranta ranar Litinin, wai ta kai aji biyar ba ta iya haɗa baƙi ba, sai zuba kamar rediyo. Na ci gaba da gyaran wake, marigayi Kawuna ya faɗo mini a rai.

Duk neman auren danginmu a Malumfashi shi ake turawa. In ya buɗe baki a zaure, har mai niyyar hanawa sai ya ba da. Amma da an miƙo masa takarda sai ya shafa aljihu: "Kash, na baro tabarau a gida."

Ranar da na raka shi asibiti aka miƙo masa takarda, ya sake faɗin haka, na ce, "Kawu, ga shi fa a goshinka."

Ya yi murmushi, haƙoransa jajir da goro. "Ɗiyata, ba ido ba ne. Na sha bulala a gaban allo har na gaji. Baƙaƙen ne ba sa tsayawa, kamar tururuwa."

Da yana raye, shi zan tura wa maigidan. Ni bakina ya yi nauyi. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ni abin faɗa kafin Litinin.