Tsakanin Filo na Biyu da na Uku

Abin da na fara gani da muka shiga filin besbol na garin Bowie, inda ake wasan jifan ƙwallo a doke ta da sanda, shi ne wasu fararen abubuwa uku a ƙasa, kamar filon jarirai. Kowane filo da ɗan wasa a kusa da shi. Yayana kuwa yana tsakanin na biyu da na uku, a kan jar ƙasa, shi kaɗai.

A bazarar ne wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke shi, ya ajiye karatun haɗa magunguna. Baba ya ce zai zo ya gani sau ɗaya; in abin ba na mutunci ba ne, Yaya ya koma makaranta. Da yake Baba ba ya yanke hukunci shi kaɗai, ya gayyato aminansa: Kawu Likita daga garin Woodbridge, da Kawu na gidan rediyo, wanda ya taɓa karanta labarin wasanni, don haka babu wasan da bai sani ba.

"Alhaji, ina filon yaronmu?" in ji Kawu na rediyo.

Baba ya gyara tabarau, ya ƙirga. Uku ne dai.

"An raba ba da shi ba," in ji Kawu Likita. "Haka suka yi min a asibiti, na daɗe ba ofis. Ƙasar nan in ba ka da kowa a sama, a tsaye za ka tsufa."

Ni na san sunan wurin, shotstop. Yaya ya gaya min nan ƙwallo ta fi bi, mai zafin nama ake sakawa. Maganar tana bakina. Amma ko a aji sai malama ta kira ni sau biyu nake amsawa, balle a gaban manya uku masu manyan riguna.

Nan take aka kafa kwamitin ganin koci, mai horar da su, don a nema wa Yaya nasa filon. Kawu Likita ya ce shi ne shugaba.

"Kai da Turancinka na takardar magani? Bar wa masu murya!" in ji Kawu na rediyo.

"Muryar da ke sa mutane barci?"

Baba ya juya yana raba su, duk suka ba fili baya.

Ni ina kallon ƙafafun Yaya. Kafin kowace jifa yakan ɗan yi tsalle a kan yatsunsa, kamar kyanwa ta ji motsi. Sandar mai dukan ƙwallo ta yi ƙara. Yaya ya tashi sama a kwance, ya cafe ƙwallon, ya faɗi da ƙirji. Fili ya ɗauki ihun murna.

Sai a lokacin kwamiti ya waiwayo. Suka ga Yaya rub da ciki, farin wandonsa ya rine.

"Ka gani? Har an kayar da shi, ana masa ihu," in ji Kawu Likita.

Baba ya cire hula. Ya ɗora ta a gwiwa, yadda yake yi in ya gama shawara.

A wurin ajiye motoci su Kawu suka yi gaba, suna musun wa zai zama sakatare. Na kama gefen rigar Baba. Muryata ta fito 'yar ƙarama, sai da ya sunkuyo.

"Baba, don Allah kar ka ce masa komai yau. Mu dawo Lahadi, ni da kai kawai. Ka zauna kusa da ni, ka kalli ƙafafunsa."